Rasuwar Takalmin Hagu na Malam Shu'ibu Mai Allura

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar da ba ta taka ƙasa yanzu sai da sanda, Malam Shu'ibu Mai Allura na bayan kasuwar Haɗejiya yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na cikin gari da na ruga, rasuwar takalminsa na ƙafar hagu. Rai ya yi halinsa wata ranar Talata da hantsi, a tsakiyar fadamar da ke gabas da gari, cikin bazarar wannan shekara ta 1974. Marigayin ya rasu yana da shekara goma sha biyu babu 'yan watanni, bayan doguwar jinya. Ba a ɗaki ya cika ba. A bakin aiki ya cika, ƙafar maigidansa tana cikinsa.

Wanda bai san ƙafar Malam Shu'ibu ba ba zai gane girman wannan rashi ba. Shekarar da aka sami mulkin kai, kurkunu uku suka fito masa lokaci guda a idon sawun hagu, ya kwanta damina sukutum yana kallon rufin ɗaki. Aka naɗe biyu a tsinke suka fita lafiya, na ukun ya tsinke a ciki. Ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, da ta warke kuma ba ta koma yadda Allah ya fara yin ta ba. Ta baje ta gaba, ta karkace waje, dunduniyar ba ta zama daidai a ƙasa. Haka ya tashi da ita, ya gode wa Allah da ba a yanke ba.

Bayan shekara biyu aka ɗauke shi aikin allurar shanu, lokacin da aka tashi haiƙan a kan bushiya, ciwon nan da yake share garke cikin mako guda. Aikin ba na zaune ba ne. Mota takan ajiye ma'aikata inda hanya ta ƙare, daga nan kowa ya rataya fulas ɗinsa na ƙanƙara ya nufi rugar da aka ba shi. Maganin kuwa ba ya rayuwa sai da sanyi. In ƙanƙara ta narke kafin ka isa, ruwa kawai za ka tsira wa shanun mutane ka ce ka yi aiki. Saboda haka malamin allura da ƙafarsa yake aiki kafin hannunsa.

Marigayin ba shi ne na fari a wannan ƙafa ba, ya gaji magabata da dama waɗanda ba su bar abin yabo ba. Akwai but irin na soja da ofis ya raba, wanda ya sha ruwa ranar farko ya ƙi amayarwa, Malam ya yini yana jan tulu biyu a ƙafa. Akwai kambas fari da ya ruɓe cikin mako uku, warinsa ya sa Zaituna, matar Malam, ta hana shi kwana a ɗaki. Akwai silifa da laka ta karɓe tun a gulbin farko, har yau ba ta mayar ba. Akwai kuma sau-ciki na salla, wanda ya saɓule fatar idon sawun daidai kan tabon kurkunu. Ran da abin ya kai maƙura, Malam ya isa rugar Arɗo Bakari rana ta take tsaka, ba takalmi a ƙafa, but yana rataye a wuya, ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. An tsare shanu tun safe ba su fita kiwo ba.

Arɗo ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Malam, ga shanu."

Malam ya girgiza fulas ya ji ruwa yana motsi. Da ya ga dama da ya yi allurar ya huda kunnuwan shanun shaidar an yi musu ya tafi, ba mai ganewa sai ran da ciwo ya zo. Ya ce, "Arɗo, maganin ya mutu a hanya. Ka saki shanunka. Ka yi mini haƙuri zuwa wani mako."

Arɗo ya sa aka kwance shanu suka wuce. Sannan ya sa aka kawo ruwan zafi da gishiri, ya zauna yana kallo Malam yana cire ƙaya. Ya ce, "Waɗanda suka zo bara ba su taɓa gaya mini magani yana mutuwa ba." Daga wannan rana suka ƙulla abota.

Da Malam ya dawo gida yana ɗingishi, Zaituna ce ta yanke magana. Ta ce, "Malam, ƙafarka ba ta kanti ba ce. Je ka wurin Baba Ari."

Baba Ari tsohon baduku ne, kakanninsa daga Barno suka zo, guga da salka ya fi ɗinkawa. Malam ya same shi da sassafe a rumfarsa. Tsohon ya saurari bayani, ya dubi ƙafar, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Ya ce, "Ba na auna ƙafar safe. Maƙaryaciya ce, ta kwana ta huta ta tsuke. Je ka yi tafiyarka ta yau, ka kawo mini ita bayan la'asar tana kumbure. Ita ce za ta zauna cikin takalmin."

Malam ya tafi ya yini yana kewaya gari, ya dawo da yamma. Baba Ari ya yayyafa ruwa a rairayi ya ce ya taka ya wuce, ya komo, ya sake wucewa. Sannan ya durƙusa yana bin sawun kamar maharbi, yana auna zurfin kowane gefe da ɗan yatsa. Ya tambayi inda Malam yake bi, laka ta fi yawa ko ƙaya, sau nawa yake shiga ruwa a yini, kaya nawa yake ɗauka. Malam ya roƙi a yi masa rufaffe saboda ƙaya. Tsohon ya ƙi.

Ya ce, "Mai shiga ruwa ba ya rufe ƙafa. Ruwa baƙo ne, in ka buɗe masa ƙofar shiga ka buɗe masa ta fita. Ƙaya kuwa daga ƙasa take zuwa, a can za mu tare ta."

Bayan kwana tara aka haifi marigayin, tare da ɗan'uwansa na dama. Tagwaye ne, amma ba su yi kama ba. Ƙasansu tayar lori, samansu ƙirgin bijimi, maɗauri uku kowanne: ɗaya a kan yatsu, ɗaya a gadon ƙafa, ɗaya ya zagaya bayan dunduniya. Na hagun ya fi faɗi da yatsa biyu, an ƙara masa ƙirgi ninki uku ta gefen waje don ya tallafi dunduniyar da ba ta zama. An bar gurbin babban yatsa a gaba, don kada farce ya yi karo a gangara. Baba Ari ya miƙa su da sharaɗi.

"Kada ka kai su daji yanzu. Kwana bakwai ka je da su masallaci da kasuwa, ku san halin juna. In sun jiƙe, inuwa za ka ba su, ban da wuta, ban da rana. Abincinsu man shanu."

Ran da Malam ya koma rugar Arɗo Bakari da su, ƙanƙara tana ƙara a cikin fulas lokacin da ya yi sallama. Ya yi wa garken allura kaf kafin rana ta yi zafi.

Game da halin marigayin, duk wanda ya zauna da shi ya shaida. Ba shi da kyau, kuma bai taɓa da'awar yana da shi ba. Mai haƙuri ne da nauyi, mai rufa asirin ƙafa. Shekara goma sha biyu bai taɓa cizon maigidansa ba, bai tayar masa da bororo ko sau ɗaya ba. Ya taka tsidau da ƙarangiya da ƙayar bagaruwa, ya shanye su shi kaɗai, sai da yamma a zauna da basilla a zare masa. Shekarar babban ruwa, da kogi ya shafe hanyar Miga, Malam ya nutse a laka har gwiwa, ya ja ƙafa da ƙarfin da ya isa ya raba kowane takalmi da mai shi, marigayin ya fito tare da ita. Wata kaka a gonar shinkafa kububuwa ta kai sara, haƙorinta ya tsaya a ninkin ƙirgin nan na gefe. Malam ya ga shaidar ne bayan ya isa gida ya zauna a dakali.

Ba mai yawan surutu ba ne. Ɗan'uwansa na dama yakan ce ƙwas a kan ƙasa mai tauri, shi kuma ya amsa da fat, saboda jan da ƙafar take yi. Ƙwas, fat. Ƙwas, fat. A cikin laka su duka biyu caɓ suke cewa. Zaituna takan ji wannan muryar tun daga bakin lungu ta ɗora ruwan zafi. Karnukan ruga ma sun san ta, sukan ɗaga kai su mayar.

Bai taɓa bin wani ba. Wata Juma'a a garin Malam Madori wani mai dogon hannu ya zura ƙafa cikinsu a ƙofar masallaci ya yi gaba. Bai yi taku talatin ba marigayin ya murɗe masa idon sawu. Aka same su a gindin darbejiya an jera su gefe da gefe, da ladabi.

Shi ne ya kai Malam garin Kaugama da ƙauyukanta, ya kai shi rugagen da ke bayan Miga, ya ratsa da shi fadama gabas da yamma har mutane suka daina tambayar ko zai zo, sai dai yaushe. Bushiya ta ja da baya shekara bayan shekara, har yaran makiyaya suka tashi ba su san kamanninta ba. Garken Arɗo Bakari ya ninka, ya sake ninkawa. Duk zuwan Malam, Yelwa matar Arɗo takan ba shi curin man shanu biyu a ƙwarya, ta ce, "Babban na Zaituna, ƙaramin na takalmi." Sau uku aka sake wa marigayin taya, sau biyar aka sake maɗauri, amma shimfiɗar cikin da ta ɗauki siffar ƙafar ita ce ta asali, ba a taɓa ta ba.

Ciwon ajali ya fara ne daga yunwa. Damina biyu a jere ba ta yi abin kirki ba. Kogin da ya saba fita ya kwanta a fadama wata uku ya tsaya cikin makwancinsa, daga baya ya zama kududdufai, daga baya rairayi. Wasu suka ce fari ne kawai, wasu suka ce ana tare ruwan can sama, Malam dai bai sani ba. Abin da ya sani shi ne shanun da ya raba da bushiya da hannunsa, masu hudar da ya yi musu a kunne, su ne yake tararwa kwance a bakin burtali, ungulu ta ƙoshi har ba ta tashi in an matso. Yana da allurar bushiya, yana da ta ciwon huhu, ba shi da ta yunwa. Duk da haka bai daina zuwa ba. Yakan isa ruga ya zauna, a kalle shi ya kalli mutane, ya duba bakin saniya kamar akwai abin da zai gani, ya yi sallama ya dawo.

Nono ya ƙafe, man shanu ya ɓace. Zuwan Malam na ƙarshe kafin azumi, Yelwa ta shige bukka ba ta fito ba, don ba ta da abin sawa a ƙwarya. Marigayin, wanda aka yi shi don ruwa, ya shekara yana taka ƙasa mai zafi kamar tanda ba abin da ya jiƙa shi. Fatarsa ta yi fari ta fara tsagewa. Zaituna ta shafa masa man gyaɗa daga ɗan abin da ya rage na miya, cinnaka suka bi ƙanshi suka ci bakin maɗauri. Aka kai shi wurin Baba Ari, wanda ciwon yanar ido ya riga ya rufe masa ido biyu. Tsohon ya yi ɗinkin da laluɓe, ya soki yatsansa sau biyu. Da ya gama ya riƙe takalmin a cinya ya ce, "Malam, ramukan ɗinki sun haɗe da juna. Wannan shi ne na ƙarshe da zai karɓa. Ka rage masa tafiya."

Malam ya rage. Sai ranar Litinin wani mai itace ya kawo saƙo daga Arɗo Bakari. Cikin garken nan duka saura saniya bakwai masu iya tsayuwa, kuma Arɗo ya yanke shawarar yin kudu da su ko Allah zai sa su tarar da ciyawa. Yana son Malam ya zo ya duba su ya ba shi takardar shaidar allura, don kada a mayar da shi a hanya. Zai jira har azahar ranar Talata. Ba zai iya wuce haka ba, saboda rijiyar da suke sha ta ƙafe, ta gaba kuma da nisa.

Zaituna ta ɗauki marigayin ta juya shi a hannu. Ta ce, "Malam, wannan ba zai kai ka ba."

Ya ce, "Tafiyar awa uku ce. Ya yi wadda ta fi ta."

"Da yana da rai ya yi."

"To da me zan je?"

Ta ajiye masa shi a bakin ƙofa.

Ya fita bayan sallar asuba, takarda da hatimi a aljihu, gorar ruwa a kafaɗa. Fadamar da ya saba ratsawa ruwa iya ƙugu ta zama fili fetal, ƙasa ta dare gida-gida, wata tsagar hannu yana shiga har gwiwar hannu. Awa biyu marigayin yana amsa ɗan'uwansa, sai dai muryar ta sauya, fat ɗin ya zama fyas. Da hantsi, inda babu ko bishiya ɗaya, gefen wata tsaga ya rufta, ƙafar hagu ta faɗa ciki. Malam ya ja. Ya ji ɗas. Ƙafa ta fito ita kaɗai.

Ya durƙusa ya zaro shi. Maɗaurin dunduniya ya tsinke daga tushe, na gadon ƙafa ya yage ya tafi da naman ƙirgin, shimfiɗar cikin ta rabe biyu kamar busasshen ganye. Malam ya yi duk abin da ɗan Adam zai yi. Ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure, taku arba'in ya kwance. Ya cire igiyar gora ya naɗe, ta yanke masa tabon kurkunu. Ya sa na dama a ƙafar hagu, yatsu biyu kawai suka shiga. A ƙarshe ya cusa marigayin a aljihun riga, ya naɗe ƙafar da sauran rawanin, ya ci gaba. Ƙasa ta riga ta ɗauki zafi. Yakan yi taku ɗari ya tsaya a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe, ya dubi rana, ya sake takawa. Yana gani inuwarsa ta shige ƙarƙashinsa, yana gani ta fito ta ɗaya gefen. Ya yi azahar da taimama a tsakiyar fili. Abin da ya rage na tafiyar awa ɗaya ya cinye masa shida.

Da ya isa, bukkoki suna nan an kwashe musu tabarmi. Toka tana da ɗumi. Turakun maruƙa suna kafe babu igiya. Sawun shanu ya yi kudu, ana iya ƙirga shi. Mutum ɗaya ya tarar, wani masunci mai suna Umara, wanda rashin ruwa ya mayar da shi haƙar kifin gaiwa a busasshiyar laka. Umara ya ajiye fartanya ya zo ya kama shi ya zaunar.

Ya ce, "Kai ne malamin allura? Arɗo ya jira ka har bayan azahar. Ya hau tudun can sau uku. Ya bar mini magana in gaya maka, ko in gaya wa iyalinka."

"Iyalina?"

"Ya ce shekara goma sha biyu ba ka taɓa cewa za ka zo ka ƙi zuwa ba. Saboda haka ya san ko dai ka rasu, ko kana kan hanyar rasuwa. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe masa. Ya tsaya nan ya yi maka addu'a, shi da matarsa. Ya bar maka wancan."

Fatar saniya ce a naɗe a kan reshe, ja mai farin goshi. Malam ya san ta, shi ya huda mata kunne tana maraƙa. Ya tambayi wace hanya za su bi bayan rijiya, Umara ya ce bai sani ba, Arɗo ma bai sani ba. Malam ya miƙe zai bi sawun, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Washegari a kan jakin Umara aka shigo da shi gari, takardar tana aljihu ba a rubuta komai a kanta ba.

An yi ƙoƙarin ceto marigayin, kada wani ya ce an yi sakaci. Da ƙafar ta ɗan lafa, Malam ya kai shi wurin Baba Ari tare da fatar. Tsohon ya shafa fatar, ya murza gefenta, ya kai hanci.

Ya ce, "Fatar yunwa ce. Ko an jeme ta ba za ta riƙe ɗinki ba. Ga fata ta cika kasuwa bana, Malam, ba ta takalmi ko ɗaya." Sannan ya karɓi marigayin ya bi shi da yatsa tun daga gaba har dunduniya, ya daɗe a kan ninkin nan na gefe. Ya miƙo shi da hannu biyu. "Ka yi haƙuri."

"Baba, ko sabo za ka yi mini? Zan yini ina tafiya in kawo maka ƙafar."

"Ka kawo ta in gan ta da me? Sawu ake karantawa, ni kuwa ko rairayin ba na gani."

Wani mai gyaran takalmi a tasha ya ce a manna da gam, aka manna, ya kai Malam bakin lungu ya buɗe. A kasuwa takalma sun yi yawa bana fiye da kowace shekara, na danƙo masu launi-launi da jirgin ƙasa yake saukewa buhu-buhu. Malam ya zauna a benci ya gwada ɗaya bayan ɗaya har mai kayan ya gaji ya ce, "Baba, ba takalman ba ne, ƙafar ce." Malam ya ce haka ne. A ofis, sabon shugaban, saurayi mai ladabi, ya ce yanzu babur ake raba wa malaman daji, babur kuwa da ƙafar hagu ake sa masa giya. Ya sa aka kawo wa Malam kujera a bakin ƙofa, aka ba shi aikin buga hatimi. Ya ce, "Baba, ka huta haka." Malam ya yi godiya. A nan yake zaune yanzu daga safe zuwa azahar, yana tambayar duk makiyayin da ya shigo ko ya ga wani dattijo da saniya bakwai.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan'uwansa na dama, wanda lafiyarsa ƙalau amma tun ranar bai fita ba. Ya bar ƙafa ɗaya marainiya, da sandar gora da ta karɓi aikinsa ba da son ranta ba. Ya bar fulas ɗin ƙanƙara, da basillar cire ƙaya, da ƙaramar ƙwaryar man shanu wadda gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Ya bar Baba Ari da ya yi shi, da Zaituna wadda har yanzu takan tsaya da aiki in ta ji taku a lungu, ko da Malam yana zaune a gabanta.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman. Ya ce babu wanka babu salla, amma bai ga laifi ba in mutum ya tona rami a bayan gidansa ya rufe abin da ya yi masa hidima, maimakon ya jefa shi juji awaki su tauna. Saboda haka za a rufe marigayin ranar Asabar bayan la'asar, a gindin zogalen bayan ɗakin Malam. Za a jawo Baba Ari ya zuba ƙasar farko. Ɗan'uwan marigayin na dama kuwa, Auta mai sayar da goro a tasha, wanda wagon jirgin ƙasa ya cinye wa ƙafar hagu shekarun baya, ya zo ya gwada shi ya zauna masa daidai, zai tafi da shi bayan an tashi. Malam ya roƙe shi kada ya sa takalmin sai ya fita daga lungun.

Za a karɓi gaisuwa a zaure kwana uku. Akwai kunun tsamiya, a yi haƙuri da rashin fura. Ana roƙon masu zuwa kada kowa ya kawo gudummawar takalmi, akwai ƙafa tara a ƙarƙashin gado da masu alheri suka riga suka kawo. A kuma yi wa Malam uzuri in bai tashi ya raka kowa ba.

Wanda nisa ya hana shi zuwa, musamman fatake da direbobi da masu bin burtali zuwa kudu, abu ɗaya ake roƙonsa a madadin ta'aziyya. In ya gamu da wani dattijo dogo mai suna Arɗo Bakari, da matarsa Yelwa, da shanu bakwai ko abin da ya rage daga cikinsu, ya gaya masa Malam Shu'ibu yana nan da rai. Ya gaya masa ya fito tun asuba, kuma ya iso. Takalmi ne ya tsinke.